Yadda Za Ka Ci Moriyar Gilashin Zum Mai Araha Wajen Ɗaukar Hoton Nesa

Duk wanda ya sayi kyamara da ɗan gilashin da take zuwa da shi, mai lamba 18-55mm, ba ya daɗewa sai ya ga iyakarsa. Doki yana can tsakiyar fili, kai kana bayan igiya, in ka duba hoton sai ka laluba kafin ka gane mahayin. Nan ne mutum yake fara neman gilashin zum mai janyo nesa, wanda masu hoto ke kira telefoto. Na ƙwararru kuɗinsa ya fi na kyamarar kanta, saboda haka yawancinmu a kan mai araha muke tsayawa. An ce araha ba ta ado, amma a wannan harka maganar ba ta cika zama gaskiya ba. Yawancin hotunan da suke fitowa dishi-dishi daga irin wannan gilashi, laifin rawar hannu ne, ko ƙarancin haske, ko ƙurar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Duk ukun kuwa suna da magani.

Kafin ka biya kuɗi

Fara da tabbatar da cewa gilashin zai hau kyamararka kuma zai yi aiki a kanta. In Canon ce irin su 600D, 700D ko 2000D, wanda na fi ba da shawara shi ne EF-S 55-250mm f/4-5.6 IS STM. Nauyinsa giram 375 ne kawai, yana da mai hana rawa (IS), wato na'urar da ke rage girgizar hannu, kuma hotonsa ya fi ƙarfin kuɗinsa. Akwai EF 75-300mm f/4-5.6 III, wanda ya fi yawa a shaguna, mai shago kuma zai ce maka ai ya fi nisa tunda 300 ta fi 250. Ba shi da mai hana rawa, kuma a ƙarshen zuminsa hoton yana laushi. In kana da zaɓi, ɗauki na farkon. Ka dai sani cewa gilashin EF-S ba ya hawa manyan kyamarori irin su 5D da 6D.

Masu Nikon su kula da abu biyu. AF-P DX 70-300mm f/4.5-6.3G iri biyu ne, akwai mai haruffan VR a jikinsa, akwai wanda ba shi da su, kuma a ido kusan ba za ka bambanta su ba. Mai VR shi ne mai hana rawa, shi za ka nema. Sannan gilashin AF-P ba ya aiki da tsofaffin kyamarori irin su D3100, D5100 da D90. Haka nan tsohon AF 70-300mm G, wanda ake samu da arha sosai, ba zai yi fokas (wato saita kaifin hoto a kan abin da ake ɗauka) da kansa a kan jerin D3000 da D5000 ba, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu. Masu Sony a6000 da 'yan uwanta kuwa suna da E 55-210mm OSS.

In na hannu za ka saya, je da kyamararka, kada ka yarda da "ai lafiyarsa ƙalau". Cire murafen gaba da baya, ka haska fitilar waya ta ɗaya gefen, ka leƙa ta ɗayan. 'Yar ƙura nan da can ba komai ba ce, kusan babu gilashin da ba shi da ita, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zare-zaren fari da ya yaɗu a jikin gilashin ciki, wannan fumfuna ce, ko kuma wani hazo da ya lulluɓe shi gaba ɗaya. Murɗa zumin daga farko har ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Ɗora shi a kan kyamara, ka fito bakin shagon, ka yi fokas a kan abu na kusa sannan na nesa, sau da yawa. Ɗauki hoton allon wani shago a can tsallaken titi, ka buɗe hoton sosai ka ga ko rubutun ya karantu a tsakiya da kuma kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya fito ras ɗayan kuma ya dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa. Ajiye masa kayansa.

Ka haɗa da hular gilashin, wato robar da ake maƙalawa a bakinsa. Tana tare hasken rana da ke shigowa ta gefe, tana kuma karɓar bugu a cikin turmutsutsu.

Abin da lambobin jikinsa ke faɗa maka

Rubutun f/4-5.6 yana nufin ƙofar hasken tana tsukewa yayin da kake ƙara zumi. A 55mm tana iya buɗewa har f/4, a 250mm kuwa ba za ta wuce f/5.6 ba, wato rabin hasken ke nan. Gilashin ƙwararru mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, abin da ake biyan maƙudan kuɗi dominsa ke nan. Naka gilashin rana ne. In ka karɓi wannan tun farko, ka huta da ɓacin rai.

Ƙananan kyamarorin nan sensarsu, wato farantin da ke kama hoto a ciki, ba ta kai ta manya girma ba, don haka suna ƙara matso da abu. A Canon ana ninkawa da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5. Ke nan 250mm a kan 700D tana ba ka abin da 400mm za ta bayar a babbar kyamara, 300mm a kan D3400 kuma daidai take da 450mm. Amma kada wannan ya ruɗe ka. A 250mm, abin da ke nisan mita 20 za ka kama faɗin da bai kai mita 2 ba, a mita 50 kuma kusan mita huɗu da rabi. Doki da mahayinsa za su cika hoto daga mita 40 zuwa 50. Kurciya a mita 20 kuwa ba za ta wuce kashi ɗaya cikin shida na faɗin hoton ba. Wanda ya saya da tunanin zai ga ƙwayar idon tsuntsu daga ƙofar gidansu zai ce an cuce shi, alhali aikin gilashin ke nan.

Rawar hannu

Nan ne mafi yawan hotuna suke lalacewa, don haka bari mu ɗan daɗe a kai. Ka tuna yadda ake riƙe doguwar gora wajen kakkaɓo mangwaro: ɗan motsin da hannunka ya yi, a can ƙarshen gorar ya zama lilo. Haka zumi yake ninka rawar hannu. Abin da ba za ka lura da shi ba a 18mm, a 250mm shi ne zai mayar da gemun mutum hayaƙi.

Mataki na farko gudun shota ne, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga: 1/500 na nufin kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada gudun ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin. Tunda 250mm ɗinka tana aikin 400mm, kada ka sauka ƙasa da 1/400 in babu mai hana rawa, ni na fi son 1/500. In akwai IS ko VR a kunne, za ka iya saukowa zuwa 1/125, mai tsayayyen hannu har 1/60, muddin abin da kake ɗauka a tsaye yake cak. Ka riƙe wannan da kyau: mai hana rawa hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da doki, ba ya tsayar da yaro mai gudu. Abin da ke motsi, gudun shota ne kawai maganinsa. Mutum mai tafiya 1/250 zuwa 1/500, ƙwallo da dambe 1/1000, doki a sukuwa 1/1000 ko sama, tsuntsu a sama 1/2000.

Mataki na biyu riƙo. Daina miƙe hannu kana kallon allon baya kamar mai ɗauka da waya. Sa idonka a mahangar, wato 'yar tagar leƙawa da ke saman kyamara, goshinka ya taɓa kyamarar. Tafin hannun hagu ya tallafo gilashin daga ƙasa, ba ya kama shi ta sama ba. Gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari, ƙafa ɗaya gaba kaɗan. Saki numfashi rabi, ka tsaya, sannan ka latsa a hankali, ba ka doki maɓallin ba. In akwai bango, ko bishiya, ko murfin mota, jingina. In kana zaune a ƙasa, ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Sa kyamarar ta riƙa ɗauka a jere, ka saki uku ko huɗu a latsawa ɗaya, sau da yawa na tsakiya ya fi fita, domin na farko latsawar ta girgiza shi.

Ba dole ne ka sayi sandar kyamara mai ƙafa uku ba. Tsohuwar safa ko 'yar jakar yadi da aka cika da wake ko shinkafa, a ɗaure bakinta, in ka aza ta a kan katanga ko tagar mota ka kwantar da gilashin a kai, ta fi sandar roba mai arha da iska ke kaɗawa. In kuwa ka ɗora a kan mai ƙafa uku, kashe mai hana rawa, ka sa kyamara ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka. Mai hana rawa na Nikon AF-P ba shi da makunni a jiki, a cikin saitin kyamara ake kashewa.

Saitin da za ka fita da shi

Bar koren Auto. Kyamara ba ta san cewa doki za ka ɗauka ba. In abin a tsaye yake, murɗa zuwa Av a Canon, ko A a Nikon da Sony, inda kai ke zaɓar girman ƙofar haske, ka zaɓi f/8. Kusan duk gilashi mai araha ya fi kaifi a f/8 fiye da in an buɗe shi duka, musamman a ƙarshen zumi. In abin mai motsi ne, koma Tv ko S, ka zaɓi gudun da muka ambata. ISO kuwa, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske in haske ya yi ƙaranci, ka bar shi ya riƙa hawa da kansa, ka yi masa iyaka a 1600 in kyamarar tsohuwa ce, 3200 in ta kwanan nan ce. Kada tsoron yashi-yashin da ISO ke kawowa ya sa ka rage gudun shota. Hoto mai ɗan yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai dai a goge.

A ranarmu ta Arewa ma ba za ka sha wahala ba. Da hantsi in sama ta washe, ISO 200 da f/8 suna ba ka kusan 1/800.

Ɗauki yini guda ka san gilashinka. Manna shafin jarida a bango, ka koma baya kamar mita 10, ka ɗora kyamara a kan jakar waken nan. Ɗauka a 135mm, 200mm da ƙarshen zumi, kowanne a f/5.6, f/8 da f/11, ka duba su a kwamfuta. Da yawan masu 70-300mm sukan tarar hoton ya fi tsabta a wajen 200mm zuwa 250mm fiye da 300mm. In naka haka yake, gara ka tsaya a 250mm ka yanke hoton daga baya.

Wajen fokas, kada ka bar kyamara ta zaɓa maka. Za ta kama abin da ya fi kusa, wato ƙeyar mutumin da ke gabanka ko reshen da ya tare tsuntsu. Zaɓi ɗigo ɗaya, na tsakiya ya fi amana, ka ɗora shi a kan ido. A 200mm da f/5.6, mutumin da ke mita 5, abin da zai fito ras bai kai santimita 15 ba daga gaba zuwa baya, in ka kama kafaɗa ka rasa fuska. Abu mai motsi kuwa sai AI Servo a Canon, ko AF-C a Nikon da Sony: ka danne maɓallin rabi, ka riƙa bin abin, kyamara tana gyara fokas har ka latsa.

Iskar da ke tsakani

Wannan ba a cika faɗar sa ba, ga shi mu ya fi damu. Gilashi yana janyo abin nesa, amma tare da duk ƙurar da ke tsakani. A cikin hunturu, lokacin hazo, hoton abin da ke mita 200 zai fito fari-fari, ba launi ba kaifi, ko da gilashin miliyoyi ne. A bazara kuma, da rana tsaka, zafin da ke tashi daga kwalta ko fako yana sa iska rawa, layin gini ya fito a karkace. Babu saitin da ke gyara wannan. Ko dai ka rage tazarar da ƙafarka, ko ka canja lokaci. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, da kuma bayan la'asar, su ne lokutanka. Washegarin ruwan sama a damina kuwa, iska ta wanku, ranar ce za ka ga iyakar abin da gilashinka zai iya.

A filin hawa

Mu ɗauki Hawan Daushe a Ƙofar Kudu a Kano, domin ya tara duk matsalolin wuri guda: gudu, ƙura, fararen kaya, da rana mai faɗuwa. Je da wuri ka sami wurin da rana za ta kasance a bayanka ko a gefenka. Ɗaura gilashin tun daga gida, kada ka buɗe cikin kyamara a filin. Sa 1/1000, fokas mai bin motsi, ɗauka a jere. Farin rawani da babbar riga suna ƙonewa a hoto, su zama fari fat ba a ganin aikin ɗinki, don haka rage hasken da maɓallin +/- zuwa -0.3 ko -0.7, ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, domin ka iya ɗaga hasken fuska daga baya.

Lokacin jahi, kada ka jira dawakan su iso. Kama mahayi ɗaya tun yana nesa, ka bi shi, ka riƙa rage zumi yana matsowa, ka bar fili a gaban dokin ba a bayansa ba. Kada kuma ka ƙare yinin a kan sukuwa kaɗai. Amfanin wannan gilashi shi ne ya ciro maka ƙananan abubuwa daga cikin taro: hannun dogari a kan linzami, kumatun mai busa algaita, adon sirdi, ƙaramin yaron da aka naɗa wa rawani ya fi kansa girma. Hayaƙin 'yan bindiga in rana ta haska shi ta baya yana ba da hoto mai kyau ƙwarai. Yayin da magariba ke gabatowa, buɗe ƙofar hasken duka, bar ISO ya hau, ka rage zumi zuwa wajen 100mm inda gilashin ya fi shan haske. In ya gagara, ka mayar da rashin hasken dabara: sa 1/60, ka bi dokin da kyamara daga kunkuminka, ka latsa ba tare da ka tsaya ba. Dokin zai fito, bayansa ya zama zane-zane. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi, shi ya sa ake fara koyo a kan babura da A-daidaita-sahu a bakin titin unguwa.

Ido ɗaya a mahanga yana ɓoye maka abin da ke gefenka. Doki ba ya duba mai hoto, ka riƙa ɗaga kai.

Tsuntsaye, mutane da wata

Ba sai ka je fadamun Haɗeja da Nguru ko Yankari za ka fara ba. Balbela a bayan shanu, shirwa a saman mahauta, shamuwa a farkon damina, duk makaranta ce. Sa tufafi marasa ƙyalli, kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, bi ta gefe kana tsayawa. Mafi sauƙi ma ka zauna kusa da inda suke shan ruwa ka jira su zo. Durƙusa ka daidaita da idonsa. Tsuntsun da ke sama, hasken sararin yana sa ya fito baƙi, ƙara +1.

Hoton mutum kuwa nan ne gilashin yake ba da mamaki. Tsayar da shi a inuwa, nesa da bango kamar mita 5 ko fiye, ka koma baya, ka sa zumi tsakanin 85mm da 135mm, ƙofar haske a buɗe duka. Bayan zai narke, fuskar ta fito daidai ba tare da hanci ya kumbura ba kamar yadda waya ke yi. A ɗaurin aure a ƙofar gida zai yi maka aiki, a zauren biki da dare sai da filasha. Kuma don gilashi ya ba ka damar ɗaukar mutum bai sani ba, ba izini ya ba ka ba. Matan mutane da 'ya'yansu, a tambaya. Bariki, shingen jami'an tsaro da makamantansu, ko nuna su da dogon gilashi kada ka yi.

Wata yana ruɗar kyamara, domin duhun da ke kewaye da shi yana sa ta ƙona shi. Koma M, inda kai ke saita komai da hannu, ka fara da ISO 200, f/8, 1/500 in wata ya cika, ka gyara daga nan. Zai fito ƙarami, kusan kashi ɗaya cikin shida na tsayin hoton a 250mm, sai ka yanke. Ramukansa sun fi fitowa in yana rabi, wajen daren bakwai ko takwas. Masu neman jinjirin watan azumi ko na Sallah su jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin su sa ido a mahanga. Kallon rana ta cikin irin wannan gilashi yana iya lalata ido.

Kula da shi, da fitar da hoton

Duk lokacin da ka yi zumi, gilashin yana zuƙar iska, da ƙurarta. In ka dawo, goge jikinsa da busasshen tsumma kafin ka mayar da shi ciki. Fuskar gilashin kuwa fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ƙyallen goge tabarau. Bakin riga da ƙwayar yashi ɗaya sun isa su yi masa tabo. In dole ka canja gilashi a waje, kashe kyamara, juya bayanka ga iska, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Kada ka bar shi a mota a rana. Da damina ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa fito da shi yana shan iska, fumfuna duhu da laima take so.

Wajen gyara, Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. Ƙara ɗan bambancin haske da duhu don rage hazo, yanke abin da ba ya da amfani, ka sassauta hannu wajen ƙara kaifi, in ya yi yawa gefen abubuwa yana yin fari. In ka ga shuɗi-shuɗi ko ja-ja a gefen farin rawani, Lightroom yana da wurin cire shi. Wanda za ka tura wa hoton ta WhatsApp don ya wanke, tura masa a matsayin fayil, domin in ka tura shi a matsayin hoto manhajar tana matse shi, kaifin ya ragu.